Ƙahon da Na Yi wa Inna

Gidanmu gidan wanzamai ne a Bukkuyum. Ƙahonin da nake aiki da su na kakana ne, kuma ban taɓa zaton zan ji tsoron su ba.

Shekarar da ƙodar Inna ta daina aiki, duk mako nakan kai ta birni a yi mata wankin ƙoda. Hanyar ma abin tsoro ce, amma jininta ya fi tsorata ni. Ana yi mata allurar ƙarin jini, duk awo kuma sai a ce bai tashi ba. Tafin hannunta ya yi fari fat, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki. Likitan ya faɗa mini a fili, in jinin ya ci gaba da sauka, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Ya yi ta bincike. Da ya ji ta taɓa zama a Yargalma, inda ake daka dutsen zinari, ya sa aka auna gubar dalma. Aka duba ko tsutsa ce, ko jini na zuba ta ciki. Ba a sami komai ba. Ni da saurin fushina har na ce masa allurarsu jabu ce.

Akwai abin da ban faɗa masa ba, don ban ɗauke shi labari ba. Duk dawowarmu Inna takan yi kukan ciwon baya, ni kuma in kafa mata ƙaho. In na ga baƙin jini a ƙwarya har daɗi nake ji, wai mataccen jini ya fita.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gano, tana gyara mata riga. Ta ga tsaga jere a bayanta, sababbi kan tsofaffi, ta tambayi wanda ya yi. Inna ta nuna ni cike da alfahari, ta ce duk garin babu mai hannun ɗanta. Likitan bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, abin da suke ƙarawa ni nake kwashewa.

Da muka koma gida, ta kwanta rub da ciki a tabarma kamar kullum.

"Ɗauko ƙahon ga, bayana shina ciwo."

Na ce mata likita ya hana.

"Likita bai san bayana ba. Kai ka san shi."

Na durƙusa ina danna mata bayan da hannu, yatsuna na bin tabon da na yi mata. Bayan na daina yi mata ƙaho, awon jininta ya ɗan tashi, amma ba ta ga kaka ba, ta rasu.

Na san kwana na Allah ne. Sai dai har yau, in na kafa wa mutum ƙaho na ga jini ya taru, sai in yi maza in cire shi.