Shekara Ashirin Ina Amshi a Bayan Muntari Bakin Layi

Shekara goma sha biyu ke nan cif a wannan watan da muka kai Muntari makwancinsa a Gusau. Waɗanda suka yi kallon ƙwallo a garin nan tun kafin wayar hannu ta cinye idanun mutane sun san shi da Muntari Bakin Layi. Mai gyaran keke ne a Sabon Gari, mijin ƙanwata Hajara, abokina tun muna zuwa makarantar allo. Ba ɗan gidan makaɗa ba ne, kuma bai taɓa buga ƙwallon kirki ba. Amma a zamaninsa ba a hura usur a filayenmu sai ya yi waƙar shiga fili. Ni ne ɗan amshinsa, shekara ashirin ina tsaye a bayansa ina dukan jarka. Na so in rubuta masa kalamai masu sanyi kamar yadda ake yi wa mamata, sai dai raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili.

Ga yadda abin yake a da. Wasa bayan la'asar ne, amma Muntari yana idar da azahar zai rufe rumfa, ko da keken wani na kwance babu taya, ya nufi fili. Sai ya bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, na gida da baƙi, har waɗanda suka sauko daga bayan a-kori-kura daga Tsafe ko Mada, yana tambayar kowa sunansa da sunan mahaifinsa da sana'ar gidansu. Ba takarda, ba biro. Ni kuwa ina gindin dalbejiya ina tsaki, don a ganina ɓata lokaci ne kawai. Idan 'yan wasa sun jeru sai ya rataya kalangu ya ɗauko su bi da bi, kowa da baitinsa, mu da dukan fili muna amsawa: "Fili ya san ka, shigo!" Mutum ashirin da biyu, da na benci, har alƙalin wasa idan ba su yi faɗa a makon ba. Yana kai na ƙarshe zai danne kalangun a hammata, fili ya yi tsit, sannan a ji usur.

Yanzu fa? Je ka fili ka gani. An jibga sifiku kamar buhunan masara a kan teburi, janareta na kuka a gefe, wani saurayi da suke kira di-je yana ta latse-latse tun rana na tsaka. Waƙar da ya sa a gidan biki jiya ita zai sa a taron siyasa gobe, ita ce kuma ta shiga fili yau. Ba mai waƙa a cikin 'yan kallo, don ko na kusa da kai ba ka ji, balle ku haɗa murya. Da idona na ga alƙalin wasa ya hura usur sau uku ba wanda ya motsa, sai da ya aika mai tuta ya je ya roƙi a rage. Haba jama'a! Na san in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, amma nan ai ba rawar aka canza ba, masu rawar aka zaunar.

Nakan tambayi kaina abin da Muntari zai ce da ya ga wannan. Ba maƙiyin sabon abu ba ne, shi ya fara sayen rakoda a layinsu. Ina jin ba ƙarar ce za ta dame shi ba, bakin mutane da aka rufe ne. Irin wannan mitar na shekara ina yi a majalisa har abokai suka gaji da ni, ina ɗora wa yaran zamani laifin kashe waƙar Muntari. Ashe ranar wanka na tafe, wadda ba a ɓoyon cibi.

Muntari ya bar ɗa namiji guda, Nura, yana ɗan shekara bakwai. Yanzu saurayi ne, shi ke tsaron gida a ƙungiyar unguwarsu ta Damba. Watanni biyu da suka wuce ya zo gidana da safe ya durƙusa, ya ce sun kai wasan ƙarshe a wata gasar matasa da za a buga a Bungudu.

"Kawu, so nike in shiga fili da waƙar Babanmu," in ji shi. "Na yi magana da masu gasar, sun ce za a ba ka minti biyar."

Na bugi ƙirji na ce masa wannan ai abu mai sauƙi ne, ya je ya ji da atisaye.

Yana fita na gyara murya don in gwada. Amshi ya zo tsaf. Baiti kuwa ko ɗaya! Na zauna, na tashi, na ɗauko tsohuwar jarkar na buga ko za ta tuno mini, shiru. A ranar na gane abin da ban taɓa lura da shi ba: ɗan amshi ba ya sauraron baiti, ƙarshensa kawai yake jira don ya san inda zai shigo. Na garzaya wajen Hajara ko akwai kaset a cikin kayan marigayi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaya Bala, shekara ashirin kana buɗe baki, ashe ba ka buɗe kunne ba." Babu kaset. Mutumin da ke da rakoda bai taɓa yarda a ɗauki muryarsa ba. Duk wanda ya matsa masa sai ya ce waƙar jiya ta jiya ce. A ranar har shi marigayin sai da na yi wa faɗa a zuci, Allah Ya yafe mini. Wane irin taurin kai ne wannan, Muntari?

Saura mako uku a buga wasan, na riga na yi wa maraya alkawari. Dabarar da ta zo mini ita ce in bi tsofaffin 'yan wasa. Na hau mota zuwa Tsafe da hantsi, don hanyar yanzu ba a yi mata yamma. A kasuwa na sami Lawali, wanda a zamaninsa ba a wuce shi a baya, yana zaune cikin buhunan albasa, tumbi ya fito, gemu fari fat. Ina faɗa masa abin da ya kawo ni ya miƙe tsaye a gaban masu ciniki ya rera: "Lawali ɗan Mani mai albasa, katangar Tsafe, mai zuwa da gudu shi koma da ɗingishi!" Bai tsallake ko kalma ba, har idonsa ya ciko. Na rubuta, na ce to ya ba ni na Isiya da suka yi shekara shida suna tsaron baya tare.

"Na Isiya? Ni nawa ni sani, Malam Bala."

Haka na tarar ko'ina. A Sabon Gari na je shagon Sande mai kayan babur, wanda iyayensa suka zo daga kudu aka haife shi a nan. Ya rera mini nasa, "Sande ɗan mai katako, hagunka raba-gardama," ya ce har jikokinsa sun haddace. Na wani kuwa bai sani ba. A Bungudu na sami Hamisu a gonarsa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a benci, shi ma ga nasa a bakinsa: "Hamisu na benci, haƙurinka ya fi gudun wasu." Na dawo gida ina faɗa ni kaɗai a mota. Wane irin son kai ne wannan, kowa tasa ta fisshe shi? Duk da haka, ɗaya nan ɗaya can, sai da na tara baiti talatin da ɗaya a littafin rubutu irin na 'yan firamare. Na kwana ina haddacewa, ina jin kaina kamar wanda ya tsamo yaro daga rijiya.

Ranar wasa filin Bungudu ya cika maƙil. Di-je ya miƙo mini makirufo ba tare da ya cire baƙin gilashinsa ba, ya ce, "Baba, minti biyar fa." Na ce masa lokacin da muke wannan aiki ba a ɗaura auren uwarsa ba. 'Yan wasa suka jeru a bakin layi, Nura a gaba da safar hannunsa, idonsa a kaina. Aka kashe sifika, na buɗe littafi, na fara da Lawali.

Wasu dattawa biyar ko shida a kusurwa suka amsa. Sauran fili kuwa ido kawai, wasu sun ɗaga waya suna ɗaukata kamar sun ga mai wasa da kura. Na daure na ci gaba, Sande, Hamisu, Isiya, ina jera sunayen mutanen da rabinsu ko tsallaka kwata ba sa iyawa yanzu, samari ashirin da biyu na tsaye cikin rana suna jira. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce, "Baba, waɗanga ba su zo ba!" Fili ya kwashe da dariya. Ina cikin baiti na goma sha huɗu makirufo ya mutu a hannuna, sifika ta ɓarke da waƙar soyayya, yara suka ruga cikin fili.

Wallahi ban san ina da sauran zafin rai irin wannan ba. Na zazzage wa di-je abin da ke cikina, na haɗa da masu gasar, na haɗa da iyayen da ba su koya wa 'ya'yansu amshi ba. Rabin lokacin farko ban ga ƙwallo ba, faɗa nake. Aka tashi an ci su Nura ɗaya mai ban haushi.

Bayan an watse ya zo inda nake zaune, jesinsa sharkaf da gumi, ya durƙusa ya ce, "Kawu, Allah shi saka da alheri." Na ɗauko mitar daga farko, ina nuna masa littafin, ina cewa da wancan marar kunyar ya bar ni da na kai talatin da ɗaya. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya leƙa littafin.

"Na yi ta jira in ji nawa. Yana can ƙasa, ko? Wurin da anka yanke?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙarya ta zo har bakina, don da na ce masa e, da ya tafi yana jin haushin di-je, ni kuma na tsira da mutuncina. Ban iya ba. Na rufe littafin na ce, "Babu naka, Nura. Ban yi ba."

Ya murza safar hannunsa, ya ce, "Ba komai, Kawu." Ya tashi ya bi abokansa zuwa mota.

Tun ranar na daina mitar sifika a majalisa, har ana tambayata ko lafiya. Har yanzu ina ƙin ƙarar nan, kuma har gobe zan ce yaron bai kyauta ba da ya yanke wa dattijo magana. Amma shi minti biyar ya yi alkawari, minti biyar ya ba ni. Ni na ƙarar da su a kan tsofaffi, alhali ɗan Muntari na tsaye a gabana. Mako uku ina yawo tsakanin Tsafe da Bungudu ina zagin mutane don kowa nasa kawai ya riƙe, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa suka riƙe ba. Mutum ya manta yawan ƙwallayen da ya ci, ya manta kofi, amma bai manta ranar da aka kira shi da sunan ubansa a gaban jama'a aka amsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma nawa ya fi na di-je, don shi bai taɓa ganin Muntari ba.

To me ya rage na Muntari bayan shekara goma sha biyu? Rumfarsa ta zama shagon cajin waya. Fatar kalangunsa ta tsage a ɗakin Hajara. Baitocinsa suna nan a bakin masu su, kuma za su bi su kabari ɗaya bayan ɗaya, haka ya so, ni ne ban gane ba. Abin da ya bari wanda za a iya gada shi ne aikin nan na bin 'yan wasa ana tambayar sunansu, wanda nake yi wa tsaki, kuma wannan ba a ajiye shi a littafi. Allah Ya jiƙan Muntari, Ya sa yana cikin rahama, Ya kyautata tamu in ta zo.

Shi yakan yi baiti a tsaye cikin numfashi ɗaya. Ni yau kwana arba'in ina fama da na Nura, layi biyu na samu, kuma na biyun gurgu ne. Hajara ta ji ta ce da ubansa na da rai da ya kore ni daga bayansa, sannan ta juya tana share ido da gefen mayafi. Ranar Asabar suna da wasan sada zumunci a Damba. Ban nemi makirufo ba, ban nemi minti biyar ɗin kowa ba. Zan je in tsaya a bayan ragarsa, kusa yadda zai ji ni duk da sifika, in kira shi Nura ɗan Muntari mai gyaran keke. In ba a sami mai amsawa ba zan amsa wa kaina, wannan dai na iya.