Ranar da Tamar Baba Ta Sandare a Murhu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe ranar da aka kashe mana wutar tama a bayan Ƙofar Rini ba. Lokacin Nasara ba su daɗe da cin Sakkwato ba, ni kuwa ina magidanci mai 'ya'ya biyu, maƙeri ɗan maƙeri.

A zamanin ba sayen ƙarfe muke yi ba, yin sa muke yi. Wata biyu muka kwashe muna haƙo tama, wato dutsen da ƙarfe ke cikinsa, muna toya gawayin ƙirya. Muka gina murhu da yumɓu kamar ƙaramin rumbu. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: in an kunna wuta da safe, zugazugi ba ya tsayawa sai rana ta faɗi. In ya tsaya, tama ta sandare, sai dai a fasa murhu a zubar. Mu shida muke karɓa-karɓa, Baba yana lura da launin wuta. Ga damina ta ƙarato, kuma ya yi wa manoman fadama alkawarin kowa zai karɓi kalmensa na noma kafin ruwan shuka.

Rana ta take tsaka, wuta ta soma fari, sai ga masinjan wani Bature da dogarai biyu. Abin da ke ƙona mini rai har yau, masinjan nan ɗan unguwarmu ne. Askar da aka yi masa askin suna ma a maƙerarmu aka ƙera ta.

Ko sallama babu, ya ce, "Bature za shi rangadi, ana biɗar 'yan dako shidda. Ku tashi!"

Baba ya ce, "Haba ɗana, kai ka san wanga aiki. Ka bar muna su har magariba, in sun ƙare ko ina ne su kai kayan."

"Ni ban san magariba ba, tsoho. Yanzu anka ce."

Ban san lokacin da na ɗauki masaba, gudumar ƙira, ba. Wallahi da na rotsa masa kai, sai Baba ya riƙe mini hannu, ya ce, "Aje ta. So kake a ƙone muna gida?" Haka aka tasa mu gaba kamar awaki, muka bar tsoho shi kaɗai da zugazugi.

Daga baya matata ta ba ni labarin abin da ya biyo. Da suka ji, ita da Inna suka fito a guje. Inna ta ce, "Malam, bari mu kama zuga, ai muna da hannuwa." Baba ya daka musu tsawa, wai mace ba ta kusantar wutar tama, haka ya tarar wurin ubansa. Suka tsaya daga nesa suna kallo yana zuga shi kaɗai, har hannuwansa suka ƙi ɗaguwa.

Mu kuwa fa? Aka zube mu gindin wata itaciya a ƙofar gidan Bature, kusa da bahon wankansa da kujerarsa ta kishingiɗa, kayan da aka raba mu da aikinmu dominsu ke nan. Muka yi ta zama. Bayan la'asar kuku ya leƙo yana sakace, ya ce Bature ya ga rana ta yi zafi, tafiya sai jibi, kowa ya koma gida.

Da gudu muka iso, amma murhu ya riga ya huce. Washegari muka fasa shi, ba mu sami abin da zai yi ko allura ba, sai dunƙulen kashin maƙera. Baba ya bi manoman nan gida-gida yana ba da haƙuri, mutumin da bai taɓa saɓa alkawari ba. Bai ƙara kunna wutar tama ba har ya koma ga Allah.

Na daɗe ina jin haushin masinjan, kuma ban daina ba. Amma da girma ya zo, na yarda har Baba ina jin haushinsa. Azzalumi ya kwashe masa hannu goma sha biyu, Allah ya kawo masa huɗu, ya kore su da bakinsa. Tun daga ranar na koyi cewa in an cuce ka daga waje, kada ka ƙarasa wa kanka cutar daga cikin gida.