Illo da Kamiyon Gyaɗa

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Indo, ita ma ta kara ce, don haka tun Illo yana rarrafe nake jin motsinsa. Shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa ganin ya zauna ya gama cin tuwo ba. A tsaye yake cin lomar ƙarshe, idonsa yana bakin ƙofa. In an aike shi bakin tafki ya sayo kifi, sai ya dawo jiƙe sharkaf, wai ya taya masunta jan taru. Ubansa ya tafi cin rani kudu tun yaron bai yi wayo ba, aka yi ta jira har aka daina jira.

Indo kuwa ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi da ɗan fari. «Wancan» take cewa, ko «kai». In ya kawo mata itace sai ta ce ɗanye ne. In ya gyara rufin rumbu sai ta ce da gani zai zuba. Kowa a unguwa ya san fassarar wannan magana, har shi yaron. Ni dai na sha ganinta ta cikin kara, bayan ya fita, tana shafa igiyar da ya tufka.

Bayan da gulbi ya ci tsohon garin Maradi aka koma tudu, sai cinikin gyaɗa ya buɗe. Da kaka ta yi, kamiyo, babbar motar kaya, ya fara shigowa garinmu Madarumfa yana kwasar buhuna zuwa Kano. Tun ranar da Illo ya ji ƙarar motar nan barcin rana ya ƙare masa. Ya isa aure a lokacin, amma ba maganar da yake yi sai ta taya da inji. In kamiyo ya tashi sai ya bi shi da gudu har bayan gari, ya dawo fuska duk ƙasa.

Mai tuƙa motar mutumin Dahome ne, sunansa Kosi, mu dai Sofer muke ce masa, wato direba. Hausarsa ta kasuwa ce, tsaye take, ba ta da kwana. Wata ranar kasuwa aka ji yana neman yaron mota, mai ɗaure kaya da ɗiban ruwa da sa waigi, katakon tokare taya. Samari suka taru. Da aka zo kan Illo, Sofer ya dube shi ya ce, «Kai me ka iya?»

Illo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ba da amsar da aka koya wa kowane ɗan mutunci: «Ban iya komai ba, sai abin da aka sa ni.»

Sofer ya ƙare masa kallo. Da alama ƙirar jikin yaron ta yi masa, don bai kore shi ba, cewa ya yi a kai shi wajen iyayensa. Ina tsinkar zogale a tsakar gida na ji sallamarsu. Indo ta fito bakin zaure, Sofer ya tambaye ta halin ɗanta.

Ta ce, «Wancan? In ka ɗauka ka ɗauki wahala. Ci da yawo, shi ke nan aikinsa.»

Da Bahaushe ne da ya yi murmushi ya ce yaro ya hau mota. Sofer bai san wannan ba. Ya ce, «Yaro ya ce bai iya ba, uwa ta ce bai iya ba. Ni zan ce ya iya?» Ya koma kasuwa ya ɗauki Tanko ɗan mahauta, wanda ya rantse masa har jirgin ƙasa ya taɓa turawa.

Daga nan Illo ya rasa wurin zama. Ya je gona ya dawo rana ba ta take ba. Ya ɗauki fatsa ya tafi tafki, ya bar ta can. Ina jin takunsa bayan katanga, daga zaure zuwa rumbu, daga rumbu zuwa zaure, kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Sai ya fara tambayar fatake hanyar kudu, ta ina ake bi, a ina ake ƙetare babban kogi. Indo ta ji, ta ci gaba da aikinta. Amma dakanta ya canja. Takan ɗaga taɓarya ta manta ba ta sauke ba.

Ana haka labari ya zo Tanko ya ga Kano ya ƙi dawowa, Sofer zai sake ɗaukar yaro ran kasuwa mai zuwa. Da la'asar ina jan carbi Illo ya shigo, bai ko zauna ba.

Ya ce, «Gwaggo, na ɗaure kayana. In bai ɗauke ni ba wannan karon, kudu na yi.»

Na ce, «To me za ka ce masa in ya sake tambaya?»

Ya ce ai ya shirya. Ya ja da baya, ya buga ƙirji, ya fara kirarin da yake yi a filin kokawa, shi ne bijimin bakin tafki, shi ne guguwa mai kwashe rumfa. Kajina suka watse.

Na ce, «Ɗan nan, guguwa za a ɗora kan buhunan mutane?»

Ya yi tsaki, ya tsuguna, ya miƙe kuma. «To ya zan yi? Na yi shiru an ce rago ne. In yabi kaina a gaban manya kuma, da wane ido?»

Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, an sha kiransa shaida gaban alƙali. Yakan ce mai shaida ba ya ƙari, ba ya ragi, abin da ido ya gani yake faɗa, kuma ɓoye shi ma laifi ne. Shi na tuna wa yaron. Na ce kada ya ce shi gwani ne. Ya faɗi aikin da hannunsa ya yi, ya faɗi wanda ya gani, ya yi shiru. Kwanakin da suka rage ina jin shi bayan gida yana bitar maganar, awakin Indo suna saurare.

Ran kasuwa ban cika fita ba, amma na ɗauki ƙwaryar zogale na tafi. Illo ya tsaya gaban Sofer zufa na zuba. Ya ce ya bi jakunan Abarshi zuwa Jibiya rani da damina, shi ke ɗaure kayan, ga Abarshi can rumfar gishiri a tambaye shi. Ya ce yana tufka igiya, yana ninƙaya, sarkin ruwa ya san shi. Ya ce bai san inji ba ko kaɗan, amma ba a nuna masa abu sau biyu. Da ya kai nan sai ya dubi ƙasa, kamar wanda aka kama da sata.

Abarshi ya ɗaga murya daga rumfarsa ya ce haka ne, sai dai yaron ya cika surutu a hanya.

Sofer ya sosa ƙeya. Ya ce, «Uwarka fa? Ita ta haife ka, ta fi mai jaki saninka. Mu je.»

Rabin kasuwa ta bi su. Indo ta fito, hannunta duk gari. Sofer ya jera mata abin da yaron ya faɗa, ya ce, «Gaskiya ne ko ƙarya?»

Indo ta karkaɗe garin hannunta. Ta dubi katanga, ta dubi taron, ba ta dubi ɗanta ba. Ƙunshin kayansa na tafiya kudu yana nan jingine a zaure, kusa da ƙafarta. Can ta ce, a hankali, «Ba a ƙarya a gidan nan.»

Sofer ya ce, «To ranar nan da kika ce ci da yawo?»

Mata suka fashe da dariya. Indo ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige. Jummai mai fura ta dafa Sofer ta ce, «Bawan Allah, ɗan fari ne. So kake ta yabe shi a titi mu yi mata waƙa a bakin rijiya? Ai yau ka sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba ko ran sunansa.»

Ban sani ba ko ya gane duka. Yana tsaye yana juya hula sai ga Indo ta sake fitowa. Ta ɗauki ƙunshin nan, ta ƙara bargon uban yaron da ƙullin ƙuliƙuli, ta wuce ta gaban ɗanta kamar ba ta gan shi ba, ta kai har kasuwa ta ajiye gindin tayar kamiyo. Ta juyo tana cewa, ba da kowa ba, «A rage mini cin hatsi.»

Illo ya yi shekaru a bayan motar nan kafin a ba shi sitiyari. Har yau bai iya zama ba, in ya zo gida a tsaye yake gaishe ni. Indo kuwa duk ranar da aka ji ƙarar kamiyo daga nesa, sharar ƙofar gida take tashi yi, ko da ta share da safe.

Yanzu Illo ke ɗaukar yaran mota. In uwa ta ce masa ɗanta ba shi da amfani, sai ya tambaya ko na fari ne, in an ce e ya ce ya hau. Bara ya ɗauki wani ɗan garin Gabi a kan haka, ashe uwar gaskiyarta take faɗa. Sun kai Katsina yaron yana barci kan buhuna. Da Illo ya ba ni labari na ce ai ya manta rabin karatun, bai nemi mai shaida ba. Ya yi dariya, ya ce zai gyara, yana maganar ƙafarsa ɗaya tana waje.