Abin da Shekarar Kwalara Ta Yi wa Yaya Habu

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma har yau ban huce ba.

Shi ne malamin asibiti a ɗakin shan magani na wani kamfanin jimar fata a Challawa. Shekarar da kwalara ta ɓarke, leburori suka riƙa faɗuwa a bakin aiki. Gadaje suka cika, ya koma shimfiɗa mutane a baranda. Shi ke ɗaura ruwa, shi ke kwashe ƙazanta, shi ne kuma mai zuwa Panshekara ya gaya wa matan aure cewa mazansu sun cika.

Ya roƙi manaja a ƙaro masa ko mutum ɗaya. Manaja ya ce, "Kai dai ba su magani su koma kan injin. Kada in ji zancen nan a waje."

Cutar ta lafa, amma Yaya bai dawo daidai ba. Ya daina cin abinci da mu. Yakan wanke hannu har fatar ta tsage. Wata rana ina zuba masa tuwo ya ce, "Binta, da an ƙaro mini mutum ɗaya, da Audu mai gadi bai mutu ba." Sai ya ture kwanon. Kamfani ya ce ya taɓu, aka sallame shi. Haka ya yi ta ramewa har Allah ya karɓi abinsa.

Lokacin korona na ji ana ta bayani a rediyo cewa ma'aikatan lafiya ma suna bukatar a kula da halin da zuciyarsu ke ciki. Na san Yaya, da yana raye murna zai yi wa yaran da ke aikin yanzu, ba zai tuna da kansa ba. Ni kam ba irinsa ba ce.

Bara manajan nan, ya tsufa ya makance, ya aiko ɗansa wai yana neman gafarar iyalinmu. Na ba yaron ruwa ya sha. Na ce, "Ka gaya wa Alhaji ban yafe ba. Wanda ya zalunta yana can yana jiransa."

Har yanzu akwai tsofaffi a Panshekara da Zawaciki da ke rainon jikoki saboda Yaya bai gudu ba. Allah ya ji ƙansa. Tsakanina da wancan kuwa, Allah ya isa.