Mataki na Huɗu a Tausar Kaka

Ko zan manta da ranar da na karɓi takardar shaidar aikin jinya, ba zan manta da ranar da Japanawa uku suka zo gidanmu a unguwar Moshi Zango koyon ɗora hannu a wurin kakata ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar jinya. Ni ba mai magana ba ce. In ka ga bakina na motsi, to karatu nake yi. Kaka kuwa duk zango an san ta. Mai ciwon wuya, mai ciwon baya, jaririn da ya ƙi barci, duk wurinta ake kawo su. Sai ta shafa man kaɗanya, ta murza tafukanta har su yi zafi, ta ɗora a inda ke ciwo, ta yi shiru. In an tambaye ta sirrin, sai ta ce, "Ɗumin hannu ne da bismillah, sauran na Allah ne."

Wata malamarmu ce ta ce mini wasu ma'aikatan jinya daga Japan sun zo ziyara, suna sha'awar warkarwa da ƙarfin da ke fita daga tafin hannu, kuma suna so su koya wurin tsohuwa. Ni zan yi tafinta da Turanci. Da na gaya wa Kaka, sai ta ce, "Su zo. Amma ke 'yar boko, kada ki sa a yi mini dariya gaban baƙi."

Maganar nan ta hana ni sukuni. Tsorona kada su tambayi tsarin aikin in rasa abin faɗa. Sai na yi mako guda a kusurwar ɗakinta da littafi, ina rubuta duk motsin da ta yi. Kunya ba ta bar ni na tambaye ta komai ba. Na fitar da matakai tara, na buga su a takarda, kowanne da lambarsa. Mataki na huɗu shi ne: kafin ta miƙe ta nufi marar lafiya, takan bugi gwiwarta ta dama sau uku, ta ce, "Wash Allah!" Ko sau ɗaya ba ta tsallake shi ba. Har na ƙara bayani daga kaina cewa hakan na tayar da ƙarfin jiki ne. Allah ya yafe mini.

Ranar Asabar da hantsi suka iso, 'yan mata biyu da babbarsu mai furfura. Gaisuwa kaɗai ta kusa cinye mana lokaci. Suka sunkuya, Kaka ta rusuna. Ganin tsohuwa ta rusuna, suka ƙara sunkuyawa, ita ma ta ƙara, har innata ta ce, "Ei, a raba su kafin su kwanta!" Na miƙa musu takardata, suka karɓa da hannu biyu kamar an ba su jariri, suka zauna suna haddacewa. Kafin su gama, matan layinmu sun cika tsakar gida.

Wadda za a gwada a kanta ita ce mai wake da shinkafar bakin layi, wuyanta ya sage kwana uku. Ta kalli hannuwan baƙin ta ce, "Hajiya, waɗannan 'yan yatsun za su iya da wuyan da ke kai tukunya har unguwar Suwame kullum?"

Kaka ta ce, "Zauna dai, na ga bakin bai sage ba."

Baƙin suka jeru a kan benci. Suka wanke hannu, suka shafa mai, suka murza. Ina bin takarda da ido, zuciyata fes. Sai suka dubi juna, suka ɗaga hannu tare, fat, fat, fat a gwiwar dama, fuska ba wasa, suka haɗa baki: "Wash Allah!"

Nan take dariya ta ɓarke a gidan. Mai wake ta yi ta ƙyaƙyatawa, tana juya wuyan da ta rantse ba ya juyuwa. Kaka kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Kwaikwayona suke yi? A cikin gidana?"

Na ji kamar in nutse. Da ƙyar na ce, "Kaka, ni na rubuta musu. Na zaci cikin aikin ne."

"Cikin aikin? Ja'ira, gwiwar ce ke ciwo! Shekara nawa ke nan, sai na lallashe ta take yarda ta ɗaga ni."

Babbar baƙin ta tambaye ni me aka ce. Ban taɓa yin fassara mai nauyi irin wannan ba, amma na faɗa mata duka, har da ja'irar. Ba ta yi dariya ba. Ta ciro biro ta soke mataki na huɗu a tsanake, ta sake murza tafukanta, ta durƙusa gaban Kaka, ta ɗora su a kan gwiwar.

"Ke, ni ce mai magani a nan," in ji Kaka. Amma ba ta janye ƙafar ba. Dariyar matan ta mutu da kanta. Kaka ta lumshe ido, aka daɗe a haka. A nan na tuna cewa tun da na yi wayo ina ganin hannunta a jikin mutane, ban taɓa ganin hannun kowa a jikinta ba.

Da ta buɗe ido ta ce, "Gaya mata hannunta ya yi, ta ci jarrabawa. Ke kuwa kin faɗi."

Mai wake ta ce, "To ni da wuyana fa?"

"Tashi ki je ki ɗora tukunya, dariya ta gama miki aiki."

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar ni ke ɗora wa Kaka hannu a gwiwa, tana mitar hannuna sanyi kamar na kwaɗo. Mako guda na yi ina kallon ciwon kakata, abin da na iya kawai shi ne ba shi lamba. Shi ya sa yau a asibiti, in marar lafiya ya dafa wani wuri, nakan ajiye biro tukuna in tambaye shi, "Nan ke ciwo?"