Tabarmar Inna Japan

Saura kaɗan in fasa ba ku wannan labarin, don na san halinku. Da na ce "lokacin da nake Japan" sai ku fara taɓa juna, wai Malam Garba ya hau jirgi. Na ba ku labarin Yamai kun ce na ƙara gishiri, na ba ku na Khartum kun ce har da yaji. To wannan dai a nan Tudun Wada aka yi shi, kuma iyayen wasunku mata suna wurin. Wanda bai yarda ba ya je gida ya tambaya. Ban taɓa mantawa da ranar ba, kuma tunda an ce in yi wa sababbin shiga ƙungiya magana a kan aikin manajan dandamali, ba ni da abin da ya fi shi.

Ga waɗanda ba su sani ba, darakta shi ke tsara wasa, amma da an fara ya zama ɗan kallo. Daga nan komai yana hannun manajan dandamali: wa zai shiga, ta ina, yaushe, wane kaya za a miƙa, yaushe za a ja labule. Dokar farko da aka koya mana ita ce, ba mai hawa dandamali sai ɗan wasa. Na sauke akuya a Maraɗi. Na sauke wani babban baƙo da ya hau tsakiyar wasa don a ɗauke shi hoto. Ban taɓa jin kunyar sauke kowa ba.

A Japan na san matar da zan ba ku labarinta. An tura ni 'yan watanni koyon aikin nan, ita kuma tana koya wa matasa yadda ake tafiya a dandamali. Tafiya kawai, ba magana. Ƙaramar tsohuwa ce, in ta tsaya kusa da ni ko kafaɗata ba ta kai ba. Sai da na ga yadda manyan mutane ke sunkuya mata na tambaya, aka ce ai tun tana yarinya take wasa. Ta yi dandamali, ta yi fim, ta yi talabijin, har ta kai in ta buɗe baki a rediyo direban tasi ya san ko wace ce. Muryarta ita ce jarinta. Sai ciwo ya kama ta a maƙogwaro, aka yi mata aiki, ciwon ya tafi, ya tafi da muryar. Abin da ya rage ɗan raɗa ne mai kaushi, sai ka kai kunne. Tun daga nan ba ta sake tsayawa gaban 'yan kallo ba.

Ranar da zan taho na ce mata da wasa, "Ki zo Zariya, mu can ko ba ki yi magana ba 'yan kallo za su yi miki." Ta yi murmushi. Ni na manta ma na faɗa.

Shekaru suka wuce, sai ga saƙo ta hannun masu shirya musayar al'adu: tana zuwa. Ta tsara wani wasa na mutum ɗaya wanda babu magana a cikinsa, kuma ba ta son ta fara nuna shi a gida, inda kowa zai zauna yana tuna tsohuwar muryarta. Tana son garin da ba wanda ya san ta. Daraktanmu ya sauke ta a gidan yayarsa a Gyallesu. Sunanta ya ƙi zama a bakin 'yan ƙungiya, kafin kwana biyu ta koma Inna Japan. Ta zo da tafinta, wani mutum mai kirki wanda ba ya minti biyar bai duba hannunsa ba, shi kuma muka sa masa Agogo.

A filin wata makarantar firamare muka kafa dandamali, bayan la'asar za a yi, a tashi kafin magariba. Katako ne muka jera, muka shimfiɗa tabarma babba a kai. Kullum kafin gwaji sai ta cire takalmi, ta sunkuya wa dandamalin kamar mai gaida surukai, ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ta goge shi da hannunta tun daga wannan gefe har wancan. In ta goge, ba mai takawa. Darakta da kansa daga ƙasa yake magana.

Wasan kuwa ga shi. Tsohuwa ce mijinta masunci ya tafi teku. Ta yi girki, ta zuba a kwano biyu, ta zauna jira. Can sai ni daga bayan labule in turo jiƙaƙƙiyar rigarsa da hularsa. Ta gane ruwa ya ci shi. Sai ta zauna a tsakiyar tabarma, ba motsi, ba kuka, zama mai tsawo. Daga ƙarshe ta tashi ta kife kwano ɗaya. Shi ke nan.

A gwajin ƙarshe Agogo ya ja ni gefe.

"Malam Garba, tana buƙatar shiru. A wurinmu in 'yan kallo sun yi tsit, ta kama su ke nan. In suna surutu, ta rasa su."

Na ce, "Agogo, Tudun Wada ce fa. Mu nan in mugu ya fito a wasa, sai an gaya wa jarumi ga shi nan bayanka."

"Ka roƙe su."

"Zan roƙa. Amma ko liman sai ya yi gyaran murya sau uku."

Ita tana kallon mu. Ta yafito ni, na sunkuya na kai kunne, Agogo yana fassarawa. Ta ce, "In ka ga na kifa tafin hannuna a kan tabarma, ka ja labule. Kada ka jira." Na ce to, sai mu sake gobe. Ta girgiza kai. Ta ce ba gobe. In wannan bai yi ba, za ta naɗe kayanta ta koma gida ta zauna, ta gama da dandamali ke nan har abada. Ta faɗa a hankali, kamar mai cewa shayi ya huce.

Wallahi na yi iya ƙoƙarina. Na je wurin mai unguwa. Na roƙi 'yan acaɓan bakin makaranta su yi haƙuri da hon na awa guda. Da jama'a suka taru, maza a bencina, mata a tabarmi ta gefen dama, na ɗauki lasifika na ce, "Jama'a, baƙuwarmu daga nesa ta zo, kuma wasanta na shiru ne. Don Allah a kama baki." Aka amsa min da ƙarfi, "To Malam Garba!" Daga jin ƙarfin amsar na san an riga an karya.

Inna Japan ta fito cikin doguwar riga mai ruwan toka, tana jan ƙafa a hankali, a hankali, kamar tabarmar za ta fashe. Wani daga baya ya ce, "Ikon Allah! Tafiya take ko tsayuwa?" Wani ya ce, "Baba a ɗaga ƙafa, magariba za ta same mu!" Aka kwashe da dariya. Ni ina gefe da igiyar labule a hannu, ina ganin abin da 'yan kallo ba sa gani: jijiyar wuyanta ta miƙe. Ba ta jin Hausa, amma dariya ba ta buƙatar tafinta.

Da ta zuba abinci a kwano biyu ta zauna tana duban hanya, sai ɓangaren mata ya ɗauka. "Miji take jira." "Ai haka suke ko'ina, abinci ya huce ba su dawo ba." "Rufe masa, Inna, kada ƙuda ya sauka." Mu mun san wannan alama ce wasa ya fara shiga. Ita kuwa hayaniya kawai take ji. Agogo ya riƙe kansa da hannu biyu.

Lokaci ya yi, na turo rigar da hular. Ta ɗauki rigar, ta juya ta, ta matse hannun rigar, ruwa ya ɗiga a tabarma. Wata mata ta ce, "Innalillahi." Inna Japan ta koma tsakiya ta zauna da rigar a cinya, ta daskare.

Nan ne wurin da nake tsoro tun farko. Mutanenmu ba su saba da ɗan wasa ya zauna kawai ba. Sai aka fara motsi. Wasu maza a baya suka miƙe suna kakkaɓe riga, sun ɗauka an gama. Wani ya ce, "Shi ke nan?" Keke ya wuce da kiɗa. Sai na ga hannunta na dama ya bar rigar, ya buɗe, ya fara sauka wajen tabarma. Na naɗe igiyar labule a hannuna.

A daidai nan Gwaggo Delu ta tashi. Kun san ta, mai wainar bakin makarantar, wadda ba ta ba da canji sai ta yi maka faɗa. Ta gyara mayafi, ta ratso mata, ta nufo dandamali kai tsaye. Agogo ya damƙe min hannu. "Tsayar da ita! Malam Garba, tsayar da ita!" Darakta daga can yana min alama da hula. Aikina ke nan, kuma na fi kowa iya shi. Na yi taku ɗaya.

Abin da ya tsayar da ni ƙaramin abu ne. Da ta iso bakin dandamali sai ta tuɓe silifas ɗinta ta jera su, kamar yadda kowa ke yi in zai shiga ɗakin mutane. Ba kallon jama'a take ba, ba neman a gan ta take ba. Fuskarta irin wadda muka sani ce, ta mai shiga gidan rasuwa. Na ce a raina, Garba, wannan ba akuyar Maraɗi ba ce. Na tsaya.

Ta hau da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta zauna dab da Inna Japan, kafaɗa da kafaɗa. Ta kama hannun nan da ya rage kaɗan ya taɓa tabarma, ta ɗora shi a cinyarta ta riƙe da hannu biyu. Ta ce, yadda duk filin ya ji, "Sannu 'yar'uwa. Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana."

Ku tuna Inna Japan tana da hannun hagu. In ta ga dama ta kifa shi, ni kuma in ja labule. Idona yana kansa. Ta juyo a hankali ta dubi Gwaggo Delu, ta daɗe tana dubanta. Sai ta kwantar da kanta a kafaɗar Gwaggo, ta buɗe baki, ta saki wani sauti. Muryar nan ce da ta ɓoye shekara da shekaru, mai kaushi, fasasshiya, kamar ana jan ƙofar langa-langa. Ba ya cikin wasan. Ba mu taɓa jin sa a gwaji ba. Duk wanda ya taɓa zama gidan makoki ya san sautin.

Mazan da suka miƙe suka koma suka zauna. Mata suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tuɓe takalmi ta hau ta sami wuri, har tabarmar ta cika. Shirun da Agogo ya roƙa, wanda na nema da lasifika ban samu ba, sai ga shi ya sauka da kansa, har kana jin kukan tsuntsaye a bishiyar makaranta. Na waiga, Agogo yana share ido da hannun da agogon yake.

A nan na ga abin da ake nufi da gwanar wasa. Mata sun cika mata dandamali, tsarinta ya rushe, amma ba ta ɓata ba. Ta bari shirun ya kai inda take so, sannan ta tashi, ta bi ta tsakaninsu da tafiyar nan tata, ta ɗauki kwanon mijin. Maimakon ta kife shi, sai ta kawo ta durƙusa ta ajiye gaban Gwaggo Delu da hannu biyu. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan sunkuyar da kai. Na ja labule.

Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba. Wata ta rangaɗa guɗa, 'yan acaɓa suka saki hon ɗin da suka riƙe. Inna Japan ta fito ta sunkuya, ta sake fitowa ta sunkuya, sai da ladan ya kira salla aka watse.

Ba ta naɗe kayanta ba. Ta koma gida ta hau dandamali da wasan, gari bayan gari, kuma ta bar kukan a ciki. Daga baya ma Agogo ya aiko min cewa ta karɓi fim, tana magana da muryar tata yadda take.

Ku sababbi, dokar tana nan, kada gobe wani ya bar min ɗan siyasa a dandamali ya ce Malam Garba ne ya koya masa. Amma kafin ka sauke mutum, dubi fuskarsa, ka dubi ɗan wasanka. 'Yan kallonmu ba sa zama su kalli abu daga nesa, shiga suke yi, kuma wani lokaci abin da wasan ke nema ke nan.

Da labarin fim ɗin ya iso na je har bakin makaranta na gaya wa Gwaggo Delu. Na tsokane ta, na ce ko ta ɗauka rasuwar gaske ce.

Ta ce, "Kai Garba, ni yarinya ce? Na san wasa ne. Amma ko a wasa ba a barin mace ta zauna ita kaɗai da rigar mamaci." Ta juya waina. "Can garin nasu, in ta zauna, wa ke hawa?"

Na ce ba kowa, Gwaggo, can shiru ake yi, girmamawarsu ke nan.

Ta ajiye cokalin ta dube ni. "Wato su sa kaya masu kyau, su cika ɗaki, baiwar Allah tana kuka a gabansu, a rasa mace ɗaya da za ta tuɓe takalmi?"