Mati Mai Jirgi da Tafkin Kanya

Da za a tara malalatan ƙasar Batsari a jera su sahu, taubashina Mati ne zai yi masu limanci. Ɗan kawuna ne, ni kuwa Tasalla ɗiyar gwaggonshi, saboda haka ina da ikon faɗa, kuma a gaban idonshi na sha faɗa. Siriri ne, mai dariya da dukan jiki. In ka miƙa mashi fartanya sai ya tsaya yana jujjuya ta kamar bai taɓa ganin irinta ba. Gonarshi kullum ita ce ta ƙarshe a noman fari, wata shekarar ma sai matarshi Turai ta yi kuka an kira mashi gayya. Amma duk ƙauyenmu ba wanda ake so kamar shi, kuma dalilin jirgi ne.

Tafkin Kanya ba tun asali yake nan ba. Turawa ne suka sa aka datse korama tsakanin duwatsu biyu a kan hanyar Wagini, iyayenmu suka yi ta jidar ƙasa a kwando har jinga ta tashi. Ruwa ya kwanta, in kana wannan gaɓa ba ka gane mutumin da ke waccan. A nan muke ɗiban na sha, a nan muke wanki, Fulani kuma suna shayar da shanu can wajen wutsiyarshi. Ko a tsakiyar bazara bai taɓa ƙafewa ba.

Wata shekara Mati ya bi 'yan cin rani har Yawuri. Kowa ya dawo da zane ko gishiri, shi gogan sai ga shi da filafili, wato itacen tuƙa jirgi, ya saɓo shi a kafaɗa kamar wanda ya ciwo yaƙi. Aka yi sa'a iska ta kayar da wani tsohon rimi a bayan gari. Mati ya aro gizago, ya kwashe rani guda yana sassaƙa. Mutane na wucewa suna tambaya ko akushin ƙattai yake yi. Ni dai wannan ne karon farko da na ga gumi a goshinshi.

Ranar da aka tura abin cikin ruwa bai nutse ba, kai, gari ya ɗauka! Tun daga nan la'asar ɗin kowace Juma'a ta zama ta tafki. 'Yan mata su ci kwalliya su shiga suna ihu, samari su biyo su a kan manyan goruna suna iyo, mai kalangu ya zauna a goshin jirgi yana wasa Mati. Malaman En'e, ma'aikatan hukuma, sukan hawo kekuna daga Batsari, wasu har daga Safana, su tuɓe takalma su shiga a zaga da su. Mai goro ya ba shi goro, mai fura ta dama mashi, wanda ba shi da komai ya shiga haka nan. Ni kaina na shiga ba adadi, kuma kullum sai ya girgiza jirgin a tsakiya don ya ji na kira sunan uwata.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sa ƙafa ciki ba, shi ne Armaya'u. Manomi ne na gaske, ƙato, mai gida cike da iyali, ba ya dariya sai da dalili. In ya wuce ya ga ana shewa sai ya ce, “Shiririta.” Mati ya ɗaga mashi filafili ya ce, “Malam Armaya'u, a shigo mana a sha iska.” Ko waiwaye ba ya yi.

To, ruwan nan da muke so shi ne kuma yake cin mu. Kurkunu. Wanda bai san shi ba ya gode Allah. Ƙafa ta kumbura, ta yi ƙuna kamar an ɗora garwashi, ta fashe, tsutsa ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, mutum na kwance wata da watanni. Kuma ba ya zuwa sai da damina, lokacin da gona ke neman kowa. A shekarar da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Bama, kurkunu ya shiga gidan Armaya'u ya kwantar da 'ya'yanshi maza duka. Ciyawa ta cinye gero yana kallo. Mutumin da ke ba wasu hatsi, a shekarar nan shi aka kai ma dami.

Bayan kaka sai ga Malam Salmanu duba-gari daga Batsari. Maigari ya tara mu a ƙofar gidanshi, maza a gaba, mu mata a bayan darni muna jin komai. Malam Salmanu ya ce cutar daga tafki take. Mai kurkunu ya tsoma ƙafa a ruwa, ƙwayayen su zube, wani ya sha, baɗi war haka ya fito mashi. Ya ce shawarar da ya zo da ita a fasa jinga, ruwa ya tafi, a haƙa rijiyoyin siminti.

Wuri ya kaure. Ardo Hamidu, shugaban Fulanin da ke zaune gefenmu, ya ce, “Ranka ya daɗe, rijiya ba ta shayar da garke. In aka fasa, mu sai tashi.” Wani ya tuna da rijiyar da aka taɓa haƙawa ta ci karo da dutse aka bar ta. Samari suna ta gunaguni saboda Juma'arsu. Sai Armaya'u ya miƙe.

“Ranka ya daɗe,” in ji shi, “ni ban zo gardama ba. A zo a ga ƙafafun 'ya'yana. Masu son kiɗa su je su yi a tudu. Ko gobe aka ce a fasa, ni zan fara sa fartanya.”

Wallahi gaskiya ya faɗa. Ni ma da nake son tafkin nan kamar raina, na san haka.

Can sai muryar Mati daga baya, yana tambayar duba-gari. “Malam, in ba mai ciwon da ya taɓa ruwan fa? In mata suka daina shiga ɗiba da ƙafa?”

Malam Salmanu ya ce da haka za ta yiwu, da cutar ta mutu da kanta, a haɗa da tace ruwa da ƙyalle. Amma wa zai hana mata shiga, alhali ba su da wani wurin ɗiba?

Mati ya ce, “Ni. A kewaye bakin ruwa da ƙaya. Kowace mace ta aje tulunta a tudu, ni zan kai tsakiya in ciko. Kullum.”

Aka fashe da dariya, har Maigari sai da ya rufe baki da rawani. Ni daga bayan darni na ɗaga murya na ce, “Kai Mati, kai da hantsi ke tashe ka?” Ya ce, “Tasalla, naki tulun ne ma zan fara fasawa.” Armaya'u bai yi dariya ba. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: duk ranar da jirgi bai fita ba har mata suka shiga da ƙafa, ko aka ga mai kurkunu a cikin ruwa, a ranar za a fasa jinga, ba sai an sake taro ba. Maigari ya ce haka za a yi. Malam Salmanu ya ce zai kai maganar gaba, ya kuma gargaɗe mu cewa daminar farko cutar za ta fito duk da haka, don ruwan bara yana cikin jikin mutane.

Ashe ba mu san Mati ba. Daga sallar asuba sai tafki. Bakin ruwan ba zurfi, jirgi ba ya isowa tudu da kaya, don haka sai ya naɗe wando ya riƙa shiga yana jera tuluna, ya tuƙa, ya ciko, ya dawo, ya sauke, ya sake ɗauka. Sai rana ta take yake gamawa. Tafin hannunshi ya yi kanta, kafaɗunshi suka buɗe. Turai ta ce ita dai an canza mata miji, kuma ba ta kai ƙara ba. Gonarshi kuwa mazan gari suka ɗauke mashi, abin da ya fi mashi komai daɗi. Ranar Juma'a da la'asar ya wanke jirgi, kalangu ya dawo wurinshi.

Sai damina ta faɗi, kurkunu ya fito kamar yadda aka ce. Wata safiya muka iso da tuluna muka tarar da Mati zaune a kan falalen dutse, wando a naɗe, idon sawunshi na hagu ya kumbura ya fashe. Ba wanda ya gan shi kafin mu. Da ya so, da ya saki wando ya rufe ya shiga abinshi, kuma duk wanda ya taɓa yin ciwon ya san ba abin da ƙafar ke roƙo kamar ruwan sanyi. Ga ruwan nan gabanshi, ga jirgi ɗaure a turke yana lilo, taku kaɗan ne tsakani. Ya zauna yana kallo, gumi na zuba. Tausayinshi ya kama ni har na kasa tsokanarshi.

Samari biyu suka ce su za su tuƙa. Jirgin wasa daban, jirgi mai tuluna cike daban. Ba su yi nisa ba ya kife, tuluna suka tafi, ciki har da nawa. Suka jawo shi suka ɗaure, suka fito suna tsiyaya. Rana na ɗagawa, gidaje ba ruwa. Wata ta ce, “Yo mu shiga mana yau kaɗai, wa zai sani?” Mati ya ce, “Don Allah kada ku shiga.” Gaba kura, baya sayaki: su shiga a fasa, shi ya shiga a fasa.

Muna cikin haka sai ga Armaya'u, fartanya a kafaɗa. Muka bi shi da kallo, don hanyar jinga ta nan take, kuma sharaɗi nashi ne. Ya tsaya ya dubi ƙafar, ya dubi tulunan da ke jere, ya dubi jirgi.

“Ka taɓa ruwan?” ya tambaya.

Mati ya ce, “Ban taɓa ba, Malam Armaya'u.”

“Hannuwanka lafiya?”

“Lafiya lau.”

Armaya'u ya aje fartanya. Ya cire hularshi ya miƙa mani, ya ce in ba shi ɗankwalin da nake tace ruwa da shi. Ya naɗe ƙafar da shi tam, ya sa aka kawo ƙwarya da za a ɗora ƙafar ciki. Sannan ƙaton nan, mai furfura a gemu, ya juya baya ya durƙusa ya ce, “Hau.”

Mati ya ce, “Haba, Malam, ni?”

“Hau, malalaci, gona na jira na.”

Haka ya goya shi, ƙafar a miƙe sama, ya ratsa ruwa har gwiwa ya sauke shi cikin jirgi. Ya dawo ya riƙa kai tuluna da kanshi. Mu kuwa guɗa muka ɗauka, ni har da hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Kullum haka, har tsutsar ta gama fita. Da asuba ya goyo shi, in rana ta take ya dawo daga gona ya fito da shi. Daminar da ta biyo, masu kurkunu a garinmu ba su cika hannu ɗaya ba, gidan Armaya'u kuwa ko mutum guda. Ba a sake tayar da maganar fasa jinga ba. Mati ya ci gaba da ɗibar mana ruwa har gemunshi ya yi fari, kuma har ya koma ga Allah bai daina cewa shi bai taɓa yin aiki ba a rayuwarshi, wasa yake yi.

Amma abin da na fi so in tuna shi ne ranar goyo ta ƙarshe. Ƙafa ta warke, gobe Mati zai shiga da kanshi. Armaya'u ya sauke shi a jirgi, ya jera tuluna, ya juya zai fita. Mati ya ce, “Malam Armaya'u, tunda ka riga ka jiƙe, shigo mana ka ga inda ruwan gidanka ke fitowa.”

Ya waiga ya ga mu muna kallo, ya haɗe rai, ya shiga ya zauna tsakanin tuluna, ya riƙe gefe da gefe kamar wanda aka ɗora a kan raƙumi. Muna tsaye muka ga sun kai tsakiya, muka ga an cika tuluna tsaf. Muka jira su juyo, shiru. Sai muka ga jirgi ya miƙe ya nufi wajen kanyar can ƙetare, ya bi ta gindin dutse, ya kewayo ta inda shanu ke sha. Tukwanenmu na jiran ruwa, rana na yi.

Da suka iso na ce, “Kai Mati, wace irin shiririta ce wannan? Mun bushe a tsaye!”

Ya nuna Armaya'u da filafili ya ce, “Ni ba ruwana, Tasalla. Shi ya ce a ɗan ƙara zagayawa.”